Ɓerayen Sun Tashi, Ita Ba Ta Tashi Ba

A unguwarsu ba mai kiransa da sunan yanka. Mai Ɓera ake ce masa, yara da manya, har matarsa in tsokana ta motsa mata. Aikinsa ne ya ja masa sunan, don shi ke kula da fararen ɓeraye a wani ɗakin bincike da ke bayan babban asibitin garin. Maƙwabta sukan ce duk duniya shi kaɗai suka sani da ake biya don ya ciyar da ɓera, alhali kowa guba yake nema. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce nasa ɓerayen sun fi wasu mutanen tarbiyya, ba sa sata, ba sa gulma.

Tun yana saurayi ya shiga wurin, da tsintsiya ya fara. Ɗakin dogo ne, ba taga, kejina jere bisa kantocin ƙarfe har sun ɗara kansa. Kullum da safe zai kwashe tsohuwar dusar katako ya shimfiɗa sabuwa, ya cika kwalaben ruwa, ya zuba abinci, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa yana dubawa. Allah ya yi masa sanyin hannu. Ɓeran da zai gantsara wa ɗalibi cizo ta cikin safar hannu, in ya zo tafinsa sai ya lafe kamar jariri. Warin ɗakin kuwa ya kama kayansa, ba sabulun da ke fitar da shi.

Warin nan ne ma ya haɗa shi da matarsa. Tela ce. Ya kai mata wando ta rage masa tsawo, ta shinshina ta ce, "Malam, kai a gidan kaji kake kwana?" Ya ce a'a, gidan ɓeraye. Ta yi ta dariya har allura ta soke ta. Bayan sun yi aure suka kama ɗaki biyu a hawa na uku na wani tsohon bene, ta kafa keken ɗinkinta na ƙafa a gaban taga. A nan suka haifi 'ya'yansu uku. Mace ce mai baki da hannu, ba ta zama wuri ɗaya. Tana ɗinki tana leƙen tukunya, tana yi wa yara faɗa, tana hira da maƙwabciya ta taga, duk a lokaci guda.

A kan keken nan ciwon ya fara nuna kansa. Ƙafarta ta dama ta riƙa zamewa daga matakin, ɗinki ya riƙa karkacewa. Ta ce gajiya ce. Daga nan ta riƙa jin kamar kiyashi na yawo daga tafin ƙafarta zuwa ƙugu. Ranar da ruwan zafi ya zubo mata a ƙafa ba ta ji ba sai da ta ga fatar ta tashi, ranar ya ɗauke ta sai asibiti.

Aka yi hoton bayanta, aka ɗebi ruwa daga gadon bayan da wata doguwar allura. Likitan jijiya, wani dattijo mai magana a hankali, ya zaunar da su ya yi musu bayani. Ya ce garkuwar jikinta ce, wadda aikinta yaƙar cuta, ta juya tana cin rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin lakar bayanta, kamar yadda ake samun wayar lantarki an gwaguye robarta. Ta juya ta dubi mijinta.

"Ka ji ko? Har cikin bayana ɓerayenka suka biyo ni."

Likitan ya ce ciwon ba ya warkewa, amma ana iya riƙe shi kada ya yi gaba da sauri. Ya ɗora ta a kan ƙwayoyi da allura, ya ce ta riƙa zuwa gashin ƙashi da motsa jiki. Maganin ya riƙe ciwon, sai dai ya kumbura mata fuska, ya hana ta barci, ya sa mata saurin fushi. Takan ɗauki madubi ta ce wannan ba ita ba ce, wata ce ta ari ɗankwalinta.

A wannan tsakanin ne aka kawo sabon shugaba ɗakin binciken, wani matashi da kowa ke kira Dakta. Mutum ne mai fara'a, yana gaida kowa, yana kiran Mai Ɓera da Baba. Kuma abin mamaki, aikin da ya zo yi a kan irin ciwon matar ne. Akan yi wa ɓeraye wata allura da ke sa garkuwar jikinsu ta juya wa lakarsu. Bayan 'yan kwanaki sai wutsiya ta saki, sannan ƙafafun baya, ka ga ɓera yana jan gindi zuwa kwalbar ruwa. Rabinsu akan ba su wani magani da aka yi tun asali don kashe ƙwayar bairas, rabi kuma ba a ba su komai. In ciwon ya kai maƙura sai a kashe su, a zare lakar a ɗora bisa ƙanƙara, a niƙa, a auna wasu sinadarai da su Dakta ke kira inzayim, waɗanda ke ƙaruwa idan laka ta kumbura. Abin da Dakta ke son sani shi ne ko maganin yana rage su.

Mai Ɓera bai damu da awon ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne abin da idonsa ya gani. Akwai 'yan kaɗan daga cikin masu shan maganin da Dakta kan ce a bar su da rai a ga yadda za su yi. Wata safiya ya buɗe kejinsu, ya tarar da wanda jiya yake jan gindi tsaye a kan ƙafafunsa huɗu yana goge gashin baki. Ya tsaya riƙe da murfin kejin yana kallonsa. A ranar ya gaya wa Dakta labarin matarsa.

Dakta ya saurare shi har ƙarshe. Ƙarshen mako sai ga shi da kansa ya hawo benen nan yana haki, da ledar lemo a hannu. Ya zauna a kan tabarma, ya sha shayi, ya yaba ɗinkin labulen. Da zai tafi ya durƙusa gabanta.

"Mama, ki ƙara haƙuri. Ranar da za a fara ba mutane maganin nan, ke ce ta farko. Ni na faɗa."

Ta yi masa addu'a har ya kai ƙasa tana yi ta taga. Maƙwabta suka yi ta zancen yadda babban likita ya tako gidan Mai Ɓera.

Ba a jima ba yayan matar ya zo da magana. Yana da gonar kaji a bayan gari, aiki ya yi masa yawa, yana neman amintaccen mutum da zai riƙe masa. Akwai gida a cikin gonar, a ƙasa, da tsakar gida, ba matakala ko ɗaya.

"Wanda ya iya da ɓera zai iya da kaza," in ji Yaya. "Ka sauko min da ƙanwata daga saman nan. Ita ba tsuntsuwa ba ce."

Mai Ɓera ya amince a ransa. Ya je ya sanar da Dakta zai ajiye aiki. Dakta ya tashi ya tura ƙofar ofis, ya ja masa kujera, abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, in ka tafi aikin nan ya mutu. Ka san a hannun wani ɓerayen mutuwa suke yi kafin a kai ga awo. Ga shi an kusa, abin bai wuce shekara ba. Kuma ka sani, iyalan ma'aikata ake fara dubawa. In kana waje, da wane baki zan sa sunan Mama?"

Da yamma ya je ya ba Yaya haƙuri. Yaya ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Wato ka zaɓi ɓera." Ya shiga motarsa.

Akwai kuma wata magana da ta fi wannan nauyi. Matar ta gaji da maganin asibiti. Wata rana Mai Ɓera ya tambayi Dakta ko maganin da take sha zai hana a sa ta cikin gwajin. Dakta yana wanke hannu a famfo, bai ko juyo ba ya ce, "Ai yawanci an fi son wanda ba ya shan komai." Mai Ɓera ya ɗauki maganar nan kamar ƙwai ya kai gida. Ita da ma kaɗan take jira. Ta tattara ƙwayoyin ta zuba a kwandon shara, ta daina zuwa wurin dattijon likita. Kumburin fuskarta ya saɓe, barcinta ya dawo, suka ɗauka alamar alheri ce. Washegari ya gaya wa Dakta, "Ranka ya daɗe, ta daina sha, tana jira." Dakta ya ce, "To," ya wuce.

Shekara ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta. Duk sa'ad da ya tambaya, akwai amsa a bakin Dakta. Ana jiran izini. Ana jiran kayan aiki. Sai an ƙara gwadawa a wani rukunin ɓeraye. A gida kuwa ta fara dogara sanda, sanda ɗaya ta zama biyu. Ta rufe keken ɗinki da zane, masu kawo ɗinki suka watse. Daga baya matakalar ta fi ƙarfinta, in fita ta kama sai ya goya ta ya sauko da ita, tana ɓoye fuska a bayansa kada yaran gidan su gani. Da ta ga haka sai ta daina fita. Mahaifiyarta ta kwanta jinya har ta rasu, sau ɗaya tak ta samu ganinta. Babbar 'yarsu ce ta karɓi girki da wanki tana makarantar sakandare, ta koyi yi wa uwarta wanka tun ba ta gama sanin nata jikin ba.

Duk da haka in ya dawo aiki, kafin ya cire takalmi za ta tambaya, "Yaya mutanenka? Sun tashi?" Ya ce sun tashi. Ta ce, "To, saura ni."

Dakta kuwa tauraronsa sai haskawa yake. Aka ƙara masa girma, ya riƙa tafiye-tafiye, baƙi suka riƙa zuwa ganin ɗakin. In sun zo yakan dafa kafaɗar Mai Ɓera ya ce, "Wannan shi ne ginshiƙinmu." Sannan wata safiya labari ya bazu cewa ya samu babban aiki a ƙasar waje, ƙarshen wata zai tafi. A bakin mai gadi Mai Ɓera ya ji.

Wadda za ta gaje shi wata likita ce mai gilashi, ba ta da yawan dariya, amma ba ta da kwana-kwana. Tana zagaya ɗakin ɓeraye tana duba kejina, ya bi ta a baya har ƙarshen layi, sannan ya yi ƙarfin hali.

"Likita, don Allah, maganar gwajin nan na mutane. Yanzu a hannunki take ko?"

"Wane gwaji?"

Ya yi mata bayani tun daga farko. Tana saurare, fuskarta na canzawa. Da ya kai inda matar ta daina shan magani, ta cire gilashin ta riƙe a hannu.

"Baba, zauna," ta ce. Ba kujera a ɗakin, ya zauna a kan buhun dusa. "Zan gaya maka gaskiya, ka yafe min. Ba wani gwajin mutane. Ba a taɓa shirya shi ba, ba a taɓa neman izininsa ba. Aikin da aka yi a nan na auna sinadaran laka ne kawai. Maganin ya rage su, wannan gaskiya ne, kuma ilimi ne mai amfani. Amma daga nan zuwa a ba mutum, tafiya ce mai nisan gaske, wataƙila ma ba za a kai ba. Ciwon ɓeran mu muka sa masa da allura. Na matarka daban ne, kama kawai suka yi."

"Amma sun tashi, Likita. Da idona na gani."

"Irin waɗannan ɓerayen, ko ba a ba su komai ba, in aka bar su da kansu suke tashi. Waɗanda ba sa shan maganin ba a barinsu su kai lokacin, shi ya sa ba ka gani ba."

"Dakta ya san haka?"

Ta mayar da gilashinta. "Duk mai wannan aikin ya sani."

Ya daɗe a kan buhun nan. Ɓerayen na ta ƙwaƙular dusa, kwalaben ruwa na ƙara a jikin keji. Da ya tashi, ofishin Dakta ya nufa. Ya same shi yana jera littattafai a kwali. Karo na farko a rayuwarsa ya shiga ba sallama.

"Ranka ya daɗe, ashe babu gwaji."

Dakta ya tsaya da littafi a hannu. Ya yi murmushin nan nasa, amma bai zauna daidai a fuskarsa ba.

"Baba, ai ba a cewa babu. Komai da lokacinsa. Inda zan je ɗin nan ma..."

"Ka hau benena. Ka sha shayina. Ka durƙusa a gabanta ka ce ita ce ta farko."

"Na ga halin da take ciki ne, na ce bari in kwantar mata da hankali. Laifi ne?"

"Na zo zan tafi, ka rufe ƙofar nan ka ce saura shekara."

"Aikin yana buƙatarka, Baba. Kuma ka taimaki mutane da yawa da ba ka sani ba."

"Ni mutum ɗaya na sani. Na gaya maka ta daina shan maganinta. Ka ce to."

Dakta ya ajiye littafin. Ya dubi taga, ya dubi kwalin.

"Ni ba likitanta ba ne," ya ce. "Ban ce ta daina ba."

Direba ya leƙo ya ce mota ta iso. Dakta ya yunƙura zai ɗaga kwalin, ya yi masa nauyi, ya ce, "Baba, ɗan kama min." Hannun da ya saba da aike shekara da shekaru bai jira shawarar zuciya ba. Mai Ɓera ya sunkuya ya ɗauki kwalin shi kaɗai, ya kai har bayan mota. Sai da motar ta fita ƙofa ya dubi hannuwansa. Daga baya yakan ce a duk abin da ya faru, ba abin da ke hana shi cin abinci kamar kwalin nan.

Da rana tsaka ya koma gida, lokacin da bai saba ba. Tana kishingiɗe kusa da taga tana tsince shinkafa a faranti. Ya zauna a ƙasa ya gaya mata komai, bai rage ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da tsincewa har ya gama.

"Shi baƙo ne," ta ce. "Ya zo ya ci abin da zai ci ya tafi. Kai fa, Malam? Yaya ya zo har nan da ƙafarsa. Gida a ƙasa. Ka tambaye ni?"

"Don ke na yi."

"Na sani. Amma ka tambaye ni?"

Bai tambaye ta ba. Ya sunkuyar da kai.

"Ni ma na zubar da magani da hannuna," ta ce. "Don na ga kai ka yarda. Ni ban san Dakta ba, kai na sani."

Ta miƙa masa farantin ta ce ya kai wa yarinya, ta juya fuskarta bango. Aka ɗauki lokaci mai tsawo ba ta ce masa komai sai abin da ya zama dole: miƙo ruwa, rufe taga, kira min 'yarka.

Ya cire kunya ya je wurin Yaya. Gonar tuni aka ba wani, har ya tare da iyalinsa a gidan. Yaya ya wanke shi tas a gaban ma'aikata, ya ce da ba don yaran ba da ya ɗauke ƙanwarsa. Amma kafin mako ya zagayo shi ne ya samo musu ɗaki biyu a ƙasa, bayan wani shagon kayan gini, ya aiko da motar kaji aka kwashe kaya.

Sabuwar likitar ce ta yi musu hanya suka koma wurin dattijon likitan jijiya. Ya yi furfura sosai. Ya bubbuga mata gwiwa da ƙaramar gudumarsa, ya soka mata tsinke a tafin ƙafa, ya duba sabon hoto. Bai yi musu faɗa ba, ya dai ce abin da ya tafi ya tafi, ƙafafun ba za su dawo ba. Amma hannuwa da ido suna nan, su za a yi ƙoƙarin tsarewa. Ya mayar da ita kan magani, aka samo mata keken guragu.

Mai Ɓera bai bar aikin ba, don ba shi da wani, ga yara a makaranta. Ya ci gaba da canza dusa da cika kwalabe har ya yi ritaya. Hannunsa bai canza ba, ɓeraye ba su taɓa cizonsa ba. Sai dai ya daina yi musu hira, ya daina ba maƙwabta amsa in sun tsokane shi. In baƙi suka zo aka nemi ya tsaya a ɗauki hoto, sai ya ce yana da wankin keji.

Tsakaninsa da matarsa abin ya warware a hankali, ba da wata magana ba. Da yamma yakan tura ta zuwa bakin titi, ta zauna kusa da mai shagon tana sa baki a cinikin da ba nata ba, tana gaya wa masu sayen fenti cewa launin da suka zaɓa bai yi ba. Wata rana ta sake kiransa Mai Ɓera a gaban mutane, ya ji kamar an sauke masa dutse. Amma sunan Dakta ba a ambatonsa a gidan.

Sai wata Asabar, bayan shekaru, ƙaramar 'yarsu ta shigo da waya a hannu ta ce, "Mama, ba wannan ne mutumin wurin aikin Baba ba?" Dakta ne a wani babban zaure, cikin baƙar kwat, yana magana da wani harshe, ana tafa masa. A bayansa an haska hoton farin ɓera a tafin hannun wani mutum. Ba a nuna fuskar mai hannun ba, amma duk wanda ke ɗakin ya gane hannun Mai Ɓera ne, ga tabonsa nan a babban yatsa.

Matar ta karɓi wayar ta kawo kusa da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Ya yi ƙiba," ta ce. Ta miƙa wa yarinyar. "Kashe, caji yake ci."

Mai Ɓera ya tashi ya fita. Akwai wani tudu a bakin ƙofa da tayar kekenta ke maƙalewa kullum, ya jima yana cewa zai gyara. Ya karɓo siminti a shago, ya kwaɓa, ya durƙusa yana shafewa. Ta turo kanta har bakin ƙofa tana kallonsa, ta ce gefen hagu ya fi tudu, ya ƙara ruwa, kuma kada ya bari yaran maƙwabta su taka kafin ya bushe.